ChatGPT a Ofishin Yaɗa Labarai: Inda Yake Rage Aiki da Inda Yake Jawo Abin Kunya

Duk wanda ya san ofishin yaɗa labarai na ma'aikata ko kamfani ko ƙungiya a Kano, Kaduna ko Sakkwato ya san yadda yini yake tafiya a cikinsa. Mutum ɗaya ne ko biyu, amma a wuyansu sanarwar manema labarai take, da jawabin da oga zai karanta gobe, da fassarar da gidajen rediyo ke jira, da shafin Facebook, ga wayar 'yan jarida da ba ta hutawa. Saboda haka ba abin mamaki ba ne yadda ChatGPT, wato shirin kwamfuta da ake yi wa tambaya ko umarni ya amsa da rubutu, wanda kamfanin OpenAI ya fitar ranar 30 ga Nuwamban 2022, ya samu shiga irin waɗannan ofisoshi tun kafin shugabanninsu su san ana amfani da shi.

Hukuncin a taƙaice: wajen tsara daftari da Turanci, da taƙaita dogon rahoto, da shirya oga kafin ya fuskanci 'yan jarida, ChatGPT ya cancanci kuɗinsa. Wajen Hausar da za a karanta a rediyo, rabin aiki yake yi, sauran rabin na mutum ne. Wajen sunaye da sarautu da alƙaluma da ta'aziyya kuwa, bai kamata a bar shi shi kaɗai ba ko da minti ɗaya.

Kuɗi

Akwai na kyauta, akwai kuma tsarin Plus mai dalar Amurka 20 a wata. Na kyauta ya wadatar da ofishin da ke fitar da sanarwa biyu ko uku a mako. Matsalarsa iyaka ce: yana ƙayyade yawan fayil da za ka loda da yawan tambayar da za ka yi wa samfurin da ya fi ƙarfi, kuma yawanci ranar da aiki ya yi zafi ce ake cin karo da iyakar. Kafin a yi rajistar na kuɗi, a tambayi banki ko katin ofis yana wucewa wajen biyan kuɗin waje, da adadin da aka yarje masa a wata. Ba ya cin data sosai tunda rubutu ne. Waya ta isa, sai dai gyaran daftari ya fi sauƙi a kwamfuta.

Sanarwar manema labarai

A nan ne ya fi amfani, a nan ne kuma aka fi yin kuskure wajen aiki da shi. Kuskuren shi ne a rubuta masa layi ɗaya, misali a ce ya rubuta sanarwa kan rabon taki, sannan a jira. Zai rubuta, kuma rubutun zai fito sumul. Amma tunda ba a ba shi adadin buhuna ba, ba a faɗa masa ranar taro ko wanda ya yi jawabi ba, sai ya cike guraben da kansa. Dalilin yana cikin yadda aka gina shi: aikinsa hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wadda ta gabata, bisa ɗimbin rubutun da aka horar da shi a kai. Bai halarci taron ba, kuma ba shi da wata alama a rubutunsa da ke bambanta abin da ya sani da abin da ya ƙaga. Da murya ɗaya yake faɗin duka biyun.

Hanyar da ke aiki ita ce a fara da takardar bayanai wadda mutum ya rubuta da hannunsa. A jera wane ne ya yi, me aka yi, yaushe, a ina, me ya sa, nawa aka kashe, mutum nawa suka amfana. A rubuta cikakken sunan kowane mutum da muƙaminsa yadda shi yake rubutawa. Idan akwai maganar da za a ɗauko daga bakin oga, a sa ta kalma da kalma. Sai a liƙa takardar a bi ta da umarni irin wannan:

"Rubuta sanarwar manema labarai daga bayanan da ke sama kaɗai, kada ta wuce kalmomi 350. Sakin layi na farko ya ɗauki labarin gaba ɗaya. Kada ka ƙara suna ko adadi ko rana ko maganar wani da ban ba ka ba. Duk inda bayani ya gaza, ka rubuta BABU BAYANI a wurin. Ka ba ni kanun labari guda biyar, kowanne bai wuce kalmomi 10 ba."

Jimlar nan ta BABU BAYANI ita ce mafi daraja a umarnin, domin tana mayar da ƙage zuwa tambaya. Ba ta hana ƙagen ɗari bisa ɗari, shi ya sa bayan daftari ya fito ake ɗaukar biro a ja layi a ƙarƙashin kowane suna da kowace lamba, a gwada su ɗaya bayan ɗaya da takardar asali. A lura musamman da miliyan da biliyan, da inda ɗigo ya zauna a adadi irin 2.5. Editan jarida yakan yafe jimla mai rauni, amma ba ya manta ofishin da ya aiko masa da adadin da sai da aka janye.

Akwai wata ɗabi'a tasa da ya kamata a sani: yana son kalmomin kambamawa. Kowane aiki "gagarumi" ne a wurinsa, kowane mataki "na tarihi". A hana shi tun a umarni. Sanarwar da ta cika da yabo editoci na ɗaukarta talla ce, su tura ta sashen kasuwanci a nemi kuɗi.

Batun maganar oga kuma: ba laifi a nemi ya tsara daftarin abin da kwamishina ko manaja zai ce, haka masu rubuta jawabi suka saba yi tun da. Laifin shi ne a fitar da ita cikin alamar zance alhali mai maganar bai gani ba. Ya gani, ya gyara, ya amince, ko da ta saƙon WhatsApp ne, a ajiye shaidar.

Hausarsa

ChatGPT yana jin Hausa, yana kuma rubuta ta, ya fi yadda yake a shekarar farko nesa ba kusa ba. Amma rubutun Hausa da ke intanet kaɗan ne idan aka kwatanta da na Turanci, kuma wani kaso nasa fassara ce. Sakamakon haka Hausar da yake fitarwa sau da yawa Turanci ce da aka sa wa babbar riga: kalmomin namu ne, ginin jimlar na wasu. Mai sauraro a kasuwa ba zai ce nahawu ya karye ba, zai dai ji maganar ba ta shige shi ba.

Kurakuran suna maimaita kansu, don haka ana iya koyon farautarsu. Na farko jinsi. Turanci ba ya nuna namiji ko mace a kalmomi irin su kwamishina ko darakta, sai ya zaɓi "ya ce" ko da Hajiya ce ke magana. Wani lokaci ya fara da "ta" daidai, zuwa sakin layi na uku ya koma "ya". Na biyu haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ. Yakan sa su a wani wuri ya manta a wani, kuma bambancin ba na ado ba ne. Baki daban, baƙi daban. Kafa daban, ƙafa daban. Kasa daban, ƙasa daban. Sanarwar da ta so ta ce an yi zama a fada, idan ƙugiya ta sauka inda ba a gayyace ta ba, ta koma faɗa. Na uku rabon kalma: "ba ta" da "bata" da "ɓata". Mai karanta labarai a rediyo da ya karɓi takarda minti biyar kafin shiga ɗakin watsa shiri zai yi tuntuɓe a kan irin waɗannan.

Sarautu sun fi duk waɗannan haɗari, domin kuskure a nan ba gyaran takarda yake jawowa ba, zuwa ban haƙuri yake jawowa. Mai Alfarma na Sarkin Musulmi ne. Mai Martaba na sarki ne. Mai Girma na gwamna ne da makamantansa. Mai Shari'a na alƙali ne. Shehun Borno ba a ce masa Sarkin Borno, haka Lamiɗon Adamawa da Etsu Nupe kowa da sunan sarautarsa. ChatGPT yakan cakuɗa su, yakan kuma fassara sarautar gargajiya irin Waziri ko Madaki ko Galadima zuwa wani muƙami na Turanci, sannan in an dawo da rubutun Hausa sarautar ta ɓace. Magani shi ne ofis ya tanadi jeri na dindindin, sunaye 30 zuwa 50 da aka fi ambata tare da laƙabin kowa, a liƙa shi a farkon kowane aiki a ce kada a taɓa. Jerin gaisuwar farkon jawabi, wa ke gaban wa, wannan na jami'in tsare-tsaren taro ne, ba na manhaja ba.

Kada a nemi karin magana daga gare shi ba tare da an tantance ba. Yakan kawo na gaske, yakan kuma ƙera wanda ba Bahaushen da ya taɓa ji, ya ba da fassararsa da cikakkiyar natsuwa. Aya da hadisi sun fi wannan nauyi: idan jawabi na buƙatarsu, a ɗauko daga Alƙur'ani da littafin hadisi kai tsaye, ko a tambayi malami. Haka ranar Hijira. Lissafi yake bi, alhali a Najeriya ganin wata ne da sanarwar Sarkin Musulmi ke tsayar da farkon wata, kuma sau da yawa akan samu bambancin kwana ɗaya.

Ga ofishin da saƙonsa ke tsallaka iyaka zuwa Maraɗi ko Damagaram akwai ƙarin tarko. Hausar da ChatGPT ya fi sabawa da ita ta Najeriya ce, mai aron kalmomi daga Turanci, yayin da Hausar Nijar ke aro daga Faransanci. A can "likita" na iya nufin asibitin kansa. A lissafin kuɗi kuma "dala" sefa 5 ce, "jika" sefa 1,000. Sanarwar da ta ce tallafin dala 100 ne, tana nufin kuɗin Amurka, ɗan kasuwar Maraɗi zai iya jin sefa 500. A rubuta "dalar Amurka" a fili, a kuma ba ɗan yankin ya karanta kafin a fitar.

Tsarin da ya fi ba da sakamako shi ne kada a ce ya fassara sanarwar Turanci. A ba shi takardar bayanan nan, a ce ya rubuta labarin da Hausa kamar yadda za a karanta a rediyo, gajerun jimloli, ba kalmar Turanci. A ba shi misalai biyu ko uku na tsofaffin sanarwar ofis da ɗan adam ya rubuta da kyau domin ya bi salonsu. Sannan a karanta abin da ya fito da babbar murya, da agogo a hannu. Duk inda harshe ya sarƙe, a nan fassarar ta ɓuya. Minti ɗaya na sanarwar rediyo yakan ɗauki kalmomi 130 zuwa 150 in mai karatu bai yi gudu ba, kuma tunda da daƙiƙa ake biyan kuɗin iska, wannan awon kuɗi ne.

Shirya oga kafin taron manema labarai

Wannan aikin ba a cika yin maganarsa ba, alhali a ganina shi ne inda ChatGPT ya fi kowane wuri haskawa. A ba shi sanarwar da za a fitar, a ce ya zama ɗan jarida mai tsaurin kai ya kawo tambayoyi 20 mafi zafi, ya jera su daga wadda ta fi haɗari. Ƙaramin ma'aikaci ba zai iya kallon idon darakta ya tambaye shi ina sauran kuɗin kwangila suka shiga ba, kunya da girmamawa sun hana. Manhaja ba ta da wannan nauyin. Daga cikin 20 ɗin, akan samu kaɗan da ba wanda ya yi tunaninsu a ofis, kuma su ne ribar. Amsoshin kuwa daga fayil ɗin ofis za su fito. Abin da bai sani ba shi ne siyasar gari: wane ɗan jarida ne ke da tsohuwar jiƙaƙƙa da ma'aikatar, wace unguwa ce aka yi wa alƙawari bara ba a cika ba. Waɗannan sai jami'in ya ƙara da kansa.

Taƙaita rahoto ma yana yi da kyau. A loda PDF mai shafi 60, a nemi muhimman batutuwa 10, kowanne da lambar shafin da ya fito, sai a buɗe shafukan a tabbatar. Idan takardar hoto ce da aka ɗauka da waya ko tsohon kwafi mai dishi-dishi, lambobin cikin jadawali su ne na farkon lalacewa.

Jin ra'ayin jama'a

Ana iya kwaso sharhi 200 daga ƙarƙashin wani rubutu na Facebook a ce ya rarraba su: yabo, koke, tambaya, zagi. Wajen gano batutuwan da ke maimaituwa, kamar ƙarancin ruwa ko jinkirin albashi, yana taimakawa. Wajen auna fushi kuwa yana faɗuwa, domin Bahaushe ba kasafai yake zagi kai tsaye ba. "Sannu da ƙoƙari" na iya zama godiya, na iya zama gatse. "Allah Ya isa" ba addu'ar alheri ba ce duk da sunan Allah a cikinta. Habaici da zambo sukan shige masa a matsayin yabo. Ƙari a kan haka, rubutun shafukan sada zumunta cike yake da gajarce-gajarce da gaurayen Hausa da Turanci. Kada a kai wa oga rahoton da ke cewa kashi kaza cikin ɗari sun gamsu bisa wannan rabon. Sannan mafi yawan maganar da ke motsa gari ba a rubuce take ba: tana cikin saƙon murya na WhatsApp, da shirye-shiryen kiran waya na rediyo, da majalisar bakin titi.

Ta'aziyya da lokacin rikici

A watan Fabrairun 2023, bayan harbin da aka yi a Jami'ar Jihar Michigan ta Amurka inda ɗalibai uku suka mutu, wani ofishi a kwalejin Peabody ta Jami'ar Vanderbilt ya aika wa ɗalibai saƙon jaje. A ƙasan saƙon an bar layin da ke nuna da ChatGPT aka tsara shi. Ɗalibai suka fusata, ofishin ya fito ya ba da haƙuri. Ba nahawun saƙon ne ya ɓata musu rai ba, ganin cewa ba wanda ya zauna ya rubuta shi ne.

A wurinmu abin ya fi haka nauyi. Ta'aziyya tana da tsarinta: yadda ake buɗewa da innalillahi, addu'ar da ake yi wa mamaci, da wadda ake yi wa iyalai, kuma idan mamacin Kirista ne lafazin ya bambanta. Layi biyar ne ko shida. Jami'in da ya san mamacin zai rubuta su cikin minti goma, kuma za a ji cewa mutum ne ya rubuta.

Lokacin gobara ko hatsari ko zargin almundahana, a yi amfani da shi wajen tsara jerin abin da ya kamata a tabbatar da waɗanda ya kamata a kira, amma sanarwar farko ta fito daga mutum, lauya ya gani. Yana da saurin sanya jimlar neman gafara da za ta iya zama amsa laifi a gaban kotu, ko alƙawarin biyan diyya da ba wanda ya amince da shi. Masu tunanin ɗora manhaja mai amsa tambayoyin abokan ciniki kai tsaye su tuna da shari'ar kamfanin jiragen sama na Air Canada ta Fabrairun 2024. Manhajar hira ta shafin kamfanin, wadda ba ChatGPT ba ce, ta ba wani fasinja bayanin da ba daidai ba kan rangwamen tikitin masu zuwa jana'iza. Kamfanin ya yi ƙoƙarin nesanta kansa da ita, kotun ƙananan ƙararraki ta lardin British Columbia ta ce abin da ke shafinsa maganarsa ce, ta sa ya biya.

Sirri

Duk abin da aka liƙa a ciki ya bar kwamfutar ofis ya tafi na'urorin kamfanin. A asusun mutum ɗaya, na kyauta ko Plus, ana iya amfani da hirar wajen horar da manhajar sai idan an shiga saituna an kashe wannan zaɓi a sashen kula da bayanai. A kashe shi tun ranar farko. Tsarin da ake sayar wa kamfanoni ba ya amfani da bayanan abokin ciniki wajen horo sai da izini. A 2023 kamfanin Samsung ya taƙaita wa ma'aikatansa amfani da irin waɗannan manhajoji bayan wasu sun loda bayanan cikin gida.

Jerin masu cin gajiyar tallafi mai ɗauke da lambar waya da NIN da BVN ba abin lodawa ba ne. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora alhaki kan wanda ya tattara bayanan, kuma akwai hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC, da ke sa ido. Haka takardun majalisar zartarwa da sakamakon kuɗi na kamfani kafin a bayyana shi. Idan dole ne a yi aiki da irin wannan takarda, a cire sunaye da lambobi tukuna. Kuma kada ma'aikata biyar su yi tarayya a asusu ɗaya, domin kowa na ganin hirar kowa.

Hoton da yake ƙirƙira ya dace da zanen bango ko katin gayyata, bayan an duba rubutun ciki harafi da harafi da yadda ya naɗa rawani. Bai dace ya tsaya a matsayin hoton taron da aka yi ko rijiyar da aka haƙa ba. Idan kuma abin talla ne, dokar 2022 ta ARCON, hukumar da ke kula da tallace-tallace a Najeriya, ta wajabta tantancewa kafin a fitar, har da tallar intanet, ko da wane ne ya tsara ta.

Shi ko waninsa

Gemini na Google da Claude na Anthropic suna yin irin wannan aikin, Meta AI kuma yana cikin WhatsApp ba sai an sauke wata manhaja ba. Ingancinsu na sauyawa duk bayan 'yan watanni, don haka kowane ofis ya yi gwajin kansa. A ɗauko tsofaffin sanarwa biyar da aka riga aka fitar: ɗaya mai yawan alƙaluma, ɗaya mai ambaton sarakuna, ɗaya da mace ce ta yi jawabi, ɗaya ta rediyo, ɗaya ta martani ga zargi. A mayar da kowacce takardar bayanai, a ba manhajojin umarni iri ɗaya, a cire sunan manhaja daga sakamakon, a miƙa wa wanda ya fi kowa Hausa a ofis. Ya ƙirga abu biyu: kurakuran da za su sa a janye sanarwa, da mintocin da gyara ya ci. Idan gyaran Hausar ya ɗauki lokaci fiye da rubutawa daga farko, a bar manhajar a ɓangaren Turanci da shirya tambayoyi, a sake gwajin bayan wata shida da takardun nan biyar.